Maƙoƙo, Gishiri da Sankarar Wuya: Tarihin Wani Magani Ta Fuskar Ƙasar Haɗejiya

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san maƙoƙo, ko da kuwa bai taɓa taka ƙofar asibiti ba. Kumburi ne da ke fitowa a gaban wuya, galibi ga mata, ya yi ta girma a hankali shekara da shekaru, ba zafi ba raɗaɗi, har mai shi ta saba da shi ta riƙa ja masa mayafi, mutanen gida su ma su daina lura da shi. Kalmar tsohuwa ce a harshen Hausa, tana nan cikin ƙamus ɗin Bargery na 1934. Mafi yawan maƙoƙo ba sankara ba ne, kuma wajibi ne a faɗi wannan tun da farko domin kada a tayar wa jama'a da hankali. Amma akwai kaɗan daga ciki waɗanda sankara ce ke ɓoye a cikinsu, kuma idan aka bar ta, takan bar wuya ta bi jini ta sauka a huhu, ko ƙashin baya, ko ƙoƙon kai.

Manufar wannan lacca ita ce a bi tarihin yadda likitoci suka koyi yaƙi da irin wannan sankara bayan ta yaɗu, a kuma auna abin da ya iso ƙasar Haɗejiya daga wannan ilimi da abin da ya maƙale a hanya. Za a ga cewa tarihin kusan gaba ɗaya ya rataya ne a kan abu guda, watau kwaɗayin da wata 'yar tsoka ta wuya take da shi ga sinadarin da ake kira aidin.

Tsokar da Abincinta

A gaban maƙogwaro, ƙasa kaɗan da zakaran wuya, akwai wata tsoka mai fukafukai biyu wadda likitoci ke kira tairod. Nauyinta ga baligi bai cika wuce giram 25 ba. Aikinta shi ne haɗa wani sinadari mai suna tairoksin, wanda ke tsara saurin da jiki ke ƙona abinci, da bugun zuciya, da ɗumin jiki, da girman ƙwaƙwalwar jariri tun yana ciki. Ba ta iya haɗa shi sai da aidin. Abin da baligi ke bukata a yini bai wuce maikurogiram 150 ba, wanda in aka tara na dukan rayuwarsa ba zai fi cikin cokalin shayi ba. Amma idan wannan ɗan kaɗan ya yi ƙaranci, sai wata tsoka da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa ta yi ta aiko wa tairod da saƙon matsi, ita kuwa ta yi ta kumbura don ta kama abin da babu. Wannan kumburi shi ne maƙoƙo.

Ruwa, Ƙasa da Gishiri

Gidan aidin na asali teku ne. Abin da ke cikin ƙasar noma kuwa ruwa ne ke wanke shi, shi ya sa wurare iri biyu suka fi fama da ƙarancinsa a duniya: ƙasashen duwatsu, da kuma fadamun da kogi ke mamayewa kowace damina. A Nijeriya binciken likitoci ya nuna cewa maƙoƙo ya fi tsanani a yankunan duwatsu na tsakiyar ƙasar. Amma wanda ya dubi yadda ƙasar Haɗejiya take, zai ga dalilan ƙarancin aidin sun taru a cikinta. Tana da nisan ɗaruruwan kilomitoci daga teku. Kogin Haɗejiya, wanda ya samu daga haɗuwar kogin Kano da na Challawa, yakan bazu a fadamun Auyo da Kirikasamma da Guri har zuwa Nguru, ya kwanta watanni sa'an nan ya janye. Wannan ambaliya ita ce arzikin ƙasar, da ita ake samun shinkafa da kifi da makiyaya ta rani. Gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 ya sauya lokacinta da yawanta, amma bai mayar wa ƙasa abin da ruwan dubban damuna ya tafi da shi ba.

Mai karatu zai iya cewa ai Haɗejiya garin kifi ne, kuma an ce kifi na da aidin. Gaskiya ne, amma kifin teku ake nufi. Tarwaɗa da karfasa da gargaza na ruwan daɗi ne, abin da ke jikinsu kaɗan ne in aka gwada da na teku. Daɗin daɗawa, binciken da aka yi a Darfur ta ƙasar Sudan cikin shekarun 1980 ya nuna cewa gero na ɗauke da wasu sinadarai masu rage wa tairod ƙarfin amfani da aidin, kamar yadda likita Ekpechi ya nuna game da rogo a Gabashin Nijeriya cikin shekarun 1960. Wannan ba dalili ba ne na barin fura ko tuwon gero, domin inda aidin ya wadata illar ba ta bayyana. Sai inda yake da ƙaranci ne ake kukan targaɗe sai ga karaya.

Saura gishiri. Kafin zuwan Turawa ƙasar Haɗejiya tana kan hanyar fataken da ke tsakanin Barno da Kano, kuma gishiri iri iri na ratsa ta: mangul daga ƙasar Manga, kantu da beza daga Bilma waɗanda ayarin Abzinawa ke kawowa, ga kuma kanwa daga bakin tafkin Chadi. Daga baya gishirin Turai, wanda ake kira kakanda, ya shigo ta kudu, ya kuma yawaita sa'ad da jirgin ƙasa ya isa Nguru a 1930 ta Malam Madori. Duk waɗannan babu wanda aka zuba wa aidin, kuma gishiri, ko da na teku ne, abin da ke cikinsa na aidin ba ya isar jiki sai an ƙara masa.

Turawa sun daɗe kafin su gane haka. A 1811 wani Bafaranshe mai suna Bernard Courtois, wanda sana'arsa haɗa kayan albarushi ce daga tokar ciyawar teku, ya ga wani hayaƙi mai launin shuni ya tashi daga tukunyarsa. Aidin ke nan. A 1820 likita Coindet na birnin Janeba ya fara ba masu maƙoƙo shi, a 1895 kuma Baumann na Jamus ya tabbatar cewa aidin na taruwa a cikin tairod. Bayan gwajin da David Marine ya fara kan 'yan mata 'yan makaranta a garin Akron na Amurka a 1917, sai Suwizalan ta soma zuba aidin cikin gishiri a 1922, jihar Michigan ta biyo baya a 1924. Nijeriya ba ta wajabta haka ba sai a 1993, lokacin da aka ƙiyasta cewa kimanin kashi 20 cikin 100 na jama'ar da aka auna suna da maƙoƙo. Shekara saba'in ke nan tsakani. Amma da aka tashi yi an yi da gaske, kuma abin da ya sauƙaƙa aikin shi ne kusan dukan gishirin ƙasar ta hannun 'yan kamfanoni kaɗan yake bi. A 2005 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a Afirka da aka ba shaidar cika sharuɗɗan gishiri mai aidin.

Dangantakar wannan da sankara ita ce kamar haka. Sankarar tairod iri huɗu ce. Wadda ta fi yawa a duniya ita ce fafilari, mai tafiyar hawainiya, wadda galibi kaluluwar wuya take fara kamawa. Ta biyu ita ce folikula, wadda ke bin jini zuwa ƙashi da huhu, kuma an daɗe da lura cewa ta fi yawa a ƙasashe masu ƙarancin aidin. Rahotannin asibitocin koyarwa na Nijeriya na shekarun baya sun nuna rinjayenta. Macen da ta girma a fadama kafin 1993, ta ɗauki maƙoƙo shekara ashirin, sa'an nan wani ƙulli ya fito mata a ka ko ƙafafunta suka mutu ba faɗuwa ba rauni, irin wannan ce likita zai fara zato. Sauran biyun, medulari da anafilastik, ba su da yawa, kuma za a dawo gare su.

Zamanin Wuƙa

Maganin farko yanka ne. Abul Ƙasim al-Zahrawi na Ƙurɗuba, wanda ya rasu wajen 1013, ya yi bayanin fiɗar kumburin wuya a littafinsa al-Tasrif. Amma aikin ya kasance mai hatsari ƙwarai saboda yawan jijiyoyin jini a wurin, har ya zama a tsakiyar ƙarni na 19 kimanin mutum huɗu cikin goma da aka yanka mutuwa suke yi. Theodor Kocher na birnin Bern ne ya gyara aikin, ta hanyar tsabta da haƙurin ɗaure jijiya ɗaya bayan ɗaya, har mace-mace suka koma ƙasa da ɗaya cikin 100. Shi ne kuma ya ba da rahoto a 1883 cewa waɗanda ya cire wa tsokar gaba ɗaya sun zama masu kasala da kumburin fuska da nauyin tunani. Da wuya a sami likitan da zai tsaya gaban 'yan'uwansa ya lissafa ɓarnar da wuƙarsa ta yi, amma wannan rahoto ne ya nuna wa duniya aikin tairod. An ba shi lambar Nobel a 1909. A 1891 George Murray na Ingila ya yi wa wata mata allurar ruwan tairod ta tunkiya ta farfaɗo, a 1914 kuma Kendall ya tace tairoksin kansa. Daga nan aka sami damar cire tsokar duka a maye gurbinta da ƙwaya.

Sai dai wuƙa ba ta kai wa ga abin da ya riga ya watsu cikin huhu kamar an yayyafa gero.

Da Ɗan Gari Akan Ci Gari

A watan Nuwamba na 1936 shugaban cibiyar fasaha ta Massachusetts, Karl Compton, ya yi wa likitocin Harvard jawabi kan amfanin da kimiyyar fizis za ta yi musu. Wani matashin likita mai suna Saul Hertz ya tambaye shi ko za a iya mayar da aidin ya zama mai fitar da tururin nukiliya. Hikimar tambayar a fili take. Tairod ba ta bambanta aidin na gishiri da aidin mai tururi, duk wanda ya shigo jini kama shi take yi. Idan haka ne, ba sai an nemi ƙwayoyin cutar ba, su da kansu za su ja gubar zuwa cikinsu.

Hertz da abokin aikinsa Arthur Roberts suka fara gwaji kan zomaye, amma aidin da suka samu ƙarfinsa na raguwa da rabi cikin minti 25, bai isa magani ba. A 1938 Glenn Seaborg da John Livingood na Berkeley suka samar da wanda ake kira aidin 131, mai raguwa da rabi a kwana takwas. A 1941 Hertz ya fara ba masu tairod mai wuce gona da iri wajen aiki aidin mai tururi. Game da sankara kuwa, abin ya faru ne a asibitin Montefiore na New York a 1943, a hannun likita Samuel Seidlin. An kawo masa wani mutum da aka cire wa tairod kimanin shekara ashirin kafin nan, ya rame ƙwarai, cutar ta kama masa ƙasusuwa da huhu, yana fama da ciwo mai tsanani. Abin mamaki, jikinsa na nuna alamun tairoksin ya yi masa yawa alhali ba shi da tsokar. Seidlin ya gane cewa ƙullutun da suka watsu su ne ke aikin uwarsu. Ya ba shi aidin mai tururi ya sha, ya bi jikinsa da na'urar auna tururi, na'urar ta riƙa kuka a kan kowane wuri da cutar ta sauka, har da wuraren da ba a san da su ba. Ciwon ya lafa, mutumin ya yi ƙiba, ya ƙara shekaru a duniya. An buga rahoton a 1946, shekarar da tashar nukiliya ta Oak Ridge ta fara sayar wa asibitoci irin waɗannan sinadarai.

Ya kamata a tsaya a dubi girman wannan al'amari. A wancan zamani duk sankarar da ta bar mazauninta ta shiga ƙashi da huhu, hukuncinta ɗaya ne. Ga shi an sami magani da ake sha da baki, wanda ke neman cutar da kansa, tururinsa mai kashe ƙwayoyin cutar kuma galibi ba ya wuce milimita biyu a cikin nama, saboda haka ɓarnarsa ga lafiyayyen jiki kaɗan ce. Abin da masana suka shafe ƙarshen ƙarni na 20 suna nema wa sauran sankarori, watau maganin da ke zaɓar abokin gaba, tairod ta samu tun kafin a ƙare Yaƙin Duniya na Biyu. Yadda tsokar ke jan aidin kuwa ba a gano shi filla-filla ba sai a 1996, lokacin da Nancy Carrasco da abokan aikinta suka gano ƙofar da ke shigar da shi cikin ƙwayoyin nama.

Maganin na da sharuɗɗa. Dole a fara cire tairod gaba ɗaya, in ba haka ba lafiyayyen sashen zai shanye aidin ya bar cutar. Dole a sa jiki ya yi yunwar aidin, don haka akan hana majiyyaci gishiri mai aidin da kifin teku na kimanin mako biyu, watau a mayar da shi da gangan cikin halin da kakanninsa suka rayu. Akan kuma dakatar da ƙwayar tairoksin na makonni, ko a yi masa wata allura da aka fara amfani da ita a 1998 wadda ta ɗauke wannan wahala. Bayan ya sha, sai a keɓe shi kwanaki a ɗaki na musamman, domin fitsarinsa da guminsa na ɗauke da tururi. Ba a ba mai ciki ko mai shayarwa, kuma ana so mace ta jinkirta ɗaukar ciki wata shida zuwa shekara. Ga matar ƙauye mai goyo, wannan sharaɗi na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne, kuma magana ce da sai an zauna da mijinta.

Wannan sinadari dai shi ne ya yi ɓarna a Chernobyl. Da tashar ta fashe a watan Afrilu na 1986, aidin 131 ya sauka a ciyawa, shanu suka ci, yara suka sha madara. Zuwa 2005 an sami fiye da mutum 6,000 da sankarar tairod cikin waɗanda suke yara ko matasa lokacin haɗarin a Belarus da Yukren da Rasha. Ƙarancin aidin a abincin yankin ya ƙara tsananta abin, domin tairod mai yunwa ta fi saurin kamawa. Yawancin yaran an warkar da su ne da fiɗa da kuma aidin 131.

Sa'ad da Cutar Ta Manta da Asalinta

Ba kowace sankara ce ke riƙe halin uwarta ba. Wata tun farko ba ta shan aidin, wata kuma tana sha ta daina. Wani bincike da cibiyar Gustave Roussy ta Faransa ta buga a 2006 kan majiyyata 444 da cutar ta yaɗu a jikinsu ya nuna bambancin ƙarara: waɗanda aidin ya share musu cutar, kashi 92 cikin 100 suna raye bayan shekara goma, waɗanda cutarsu ba ta shan aidin, kashi 10 kawai. Ga waɗannan na biyu, shekara da shekaru babu abin ba su sai wani maganin sankara mai suna doxorubicin, wanda aka amince da shi a 1974, amfaninsa kaɗan wahalarsa da yawa. Medulari kuwa daga wasu ƙwayoyi dabam take tasowa waɗanda ba ruwansu da aidin, anafilastik kuma takan kashe cikin watanni.

Hanyar ta buɗe ne ta ilimin ƙwayoyin gado. A 1993 aka gano cewa lahani a ƙwayar gado mai suna RET ne ke jawo medulari mai bin dangi, har ya zama ana iya auna jinin yaran gidan a cire tsokar kafin cutar ta tsiro. A 2003 aka gano lahanin BRAF a cikin kaso mai yawa na fafilari. Kowane irin wannan lahani kamar makunnin fitila ne da ya maƙale a kunne, yana umartar ƙwaya ta yi ta hayayyafa. Sai masu haɗa magani suka shiga neman abin da zai toshe shi, ko ya hana cutar shimfiɗa wa kanta sababbin jijiyoyin jini.

Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da vandetanib a 2011 da cabozantinib a 2012 domin medulari, sa'an nan sorafenib a 2013 da lenvatinib a 2015 domin wadda ta daina shan aidin. A gwajin lenvatinib kan mutum 392, waɗanda suka sha maganin sun yi tsaka-tsakin wata 18.3 kafin cutar ta ci gaba, waɗanda aka ba ƙwayar wofi kuwa wata 3.6. A 2018 aka amince da haɗin dabrafenib da trametinib domin anafilastik mai lahanin BRAF, karo na farko da aka sami abin kirki da za a ba masu wannan muguwar cuta. A 2020 selpercatinib ya fito, wanda RET kaɗai yake nufa, kuma cutar ta ja da baya ga kimanin kashi 70 cikin 100 na masu medulari da aka gwada shi a kansu. Wani gwaji ɗan ƙarami da aka buga a 2013 ya fi duka ban sha'awa ga mai bin tarihi: an ba mutum 20 wani magani mai suna selumetinib na makonni, sai cutar 12 daga cikinsu ta koma shan aidin, watau an tuna mata asalinta domin a yaƙe ta da makamin Seidlin.

Bai kamata a zuzuta waɗannan magunguna fiye da kima ba. Galibinsu tsayar da cuta suke yi, ba warkarwa ba, kuma kullum ake shan su. Suna jawo hawan jini da gudawa da rama da ɗaɗewar fatar tafin hannu da na ƙafa, shi ya sa likitoci kan jinkirta su matuƙar cutar na kwance. Ba a kuma sanin wanda ya dace da majiyyaci sai an auna ƙwayoyin gadon ƙullin a ɗakin bincike mai tsada. Kuɗin maganin wata guda a Amurka dubban daloli ne. Akwai kuma darasin Koriya ta Kudu ga ma'aikatan da ke tsara manufofin lafiya: da aka buɗe ƙofar duba wuyan masu lafiya da na'urar hoto, yawan sankarar tairod da ake ganowa ya ninka sau 15 tsakanin 1993 da 2011, amma yawan masu mutuwa da ita bai sauya ba. An yi ta yanka mutane a kan ƙullutun da ba za su taɓa cutar da su ba. Matsalar ƙasar Haɗejiya akasin wannan ce.

Hanya Daga Haɗejiya

Idan aka jera abubuwan nan bisa tarihi aka tambayi wanne ya iso fadama, amsar ita ce gishirin 1922 ya iso, wuƙar Kocher ta iso manyan asibitoci, aidin na 1943 yana can nesa, magungunan 2015 kuwa sai mai hali. Majiyyaci daga Guri ko Kafin Hausa zai fara da babban asibitin Haɗejiya, a tura shi Dutse ko asibitin koyarwa na Aminu Kano, inda za a yi hoton wuya, a tsotsi ɗan nama da siririyar allura a duba, a yi fiɗa. Sashen likitancin nukiliya na farko a asibitin gwamnati an buɗe shi ne a asibitin koyarwa na Ibadan a 2006 da taimakon Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya, sai na Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja. Daga Haɗejiya zuwa Ibadan ya haura kilomita 1,000. Na'urar nukiliya da aka kunna a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 2004 ƙarama ce, ta bincike da koyarwa, don haka aidin 131 daga ƙasashen waje ake sayo shi. A nan ne kwana takwas ɗin Seaborg ke zama sarƙa: maganin da ya kwana takwas a filin jirgi yana jiran takarda ya rasa rabin ƙarfinsa, in ya yi kwana 16 saura rubu'i. Ba a ajiye shi a kantin magani. Sai an tara majiyyata an sa rana, kuma wanda ambaliya ta yanke wa hanya, kamar yadda ta yi wa garuruwan fadama a 2012 da 2020 da 2022, ranarsa ta wuce shi.

Amma jinkiri mafi tsawo ba a hanya yake ba, a gida yake. Sabo da maƙoƙo ya sa ba a ɗauke shi ciwo ba, sai ya hana haɗiya ko numfashi. Wasu kan kai shi wurin wanzami a yi tsaga ko ƙaho, abin da ba ya taɓa tsokar da ke ciki. Alamun da ya kamata malamin asibitin ƙauye da ungozoma su riƙe ba su da yawa: maƙoƙon da ya daɗe shiru sa'an nan ya fara girma da sauri, ƙulli guda mai tauri wanda ba ya motsi, dishewar murya da ta ƙi wucewa, kaluluwa a gefen wuya, ƙulli a wuyan namiji ko na yaro, da kuma ciwon ƙashi ko kumburi a ka ga mai tsohon maƙoƙo. Wanda aka kama cutarsa tana wuya, fiɗa da ƙwayar tairoksin kan wadatar da shi a mafi yawan lokuta, ba ya bukatar komi daga jerin magungunan da aka ambata.

Shi ma gishirin yana bukatar tsaro. Aidin na gudu daga gishirin da aka zazzage daga buhu aka baza a faranti cikin rana da laima, kamar yadda ake sayar da shi a mudu da gwangwani a kasuwannin ƙauye, kuma gishirin dabbobi da ba a sa wa aidin ba yakan koma tukunyar miya saboda araha. Akwai wani ruwan gwaji mai sauƙi da ake ɗiga wa gishiri, in da aidin ya rikiɗe ya yi shuɗi. Ba ya bukatar lantarki ko ɗakin bincike, kuma kwalbarsa na shiga aljihun duba-gari a ranar kasuwa.